Idan Yaro Ya Shigo Gida da Kwikwiyo

 

Na san da ganin kan maganar yau wata za ta ce, "Haba Sista, ga tsadar abinci, ga zazzaɓin cizon sauro, sai zancen kare?" Ki yi haƙuri ki bi ni zuwa ƙarshe. Duk karen da aka gaji da shi aka watsar, a layin da yaranmu ke buga ƙwallo yake sauka. Saboda haka yadda muke yi da karen da ya rasa mai shi magana ce ta lafiyar 'ya'yanmu.

Daga ina suke fitowa?

Duk wadda ke zaune a Giginyu ko Badawa ko Kawo ta san yanayin wurin. Muna jingine da Nassarawa GRA, inda gidaje da dama ke ajiye karnukan gadi a bayan dogayen katangu. Mu kuma ga lunguna cike da yara, ga kangwayen da ba a ƙarasa ginawa ba, ga bola. Karnukan da muke gani suna yawo da asuba ba daga sama suka faɗo ba, da yawansu akwai gidan da suka fito.

Wani na ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja ko Legas, ya bar wa mai gadi kare da alkawarin zai riƙa aiko da kuɗin abinci. Wata biyu, wata uku, aike ya tsaya. Mai gadin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da me zai ciyar da ƙaton kare? Sai ya buɗe masa ƙofa. Wani kuma saurayi ne ya sayi kwikwiyo don yayi, ya ɗora hotonsa a Instagram, da ya girma ya fara cin abincin mutum biyu sai sha'awar ta gushe. Wani lokaci kuma karya ce ta haihu. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, takan haifi huɗu ko shida, har fiye. Mai gida ba ya son ƙari, sai a zuba su a kwali a ajiye bakin bola da daddare.

Wa ke fara ganin kwalin? Yara masu tafiya makaranta ko Islamiyya. Yaro kuwa zuciyarsa ba ta ƙeƙashe ba tukuna. Da ya ji kukan abu ƙarami sai ya ɗauka ya sa a riga, ya shigo yana cewa, "Umma, kin ga abin da na tsinta."

A nan ne mu iyaye mata kan kasu biyu. Wata ta daka tsawa: "Maza fice min da ƙazanta, mayar da shi inda ka ɗauko!" Wata kuma ta ce ai wasan yara ne, in sun gaji sa bari. Duka biyun akwai haɗari. Yaron da aka kora kangon bayan layi yake kai kwikwiyon, shi da abokansa su riƙa sato masa ɗumame a ɓoye, kuma ranar da ya cije shi ba zai faɗa ba, don ya san abin da zai biyo baya. Wanda aka ƙyale kuwa yana kwana yana tashi da dabbar da ba wanda ya san asalinta, ba a taɓa yi mata allura ba.

Abin da ke ba ni tsoro

Ciwon haukan kare ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan duk wanda ya kamu daga kare ya samo shi, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Ƙwayar cutar a yawun dabba take. Tana shiga ta cizo, ko yaƙushi, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, ko ido ko baki. Daga nan takan bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A tsawon wannan lokaci ciwon ya warke, yaro yana wasa, kowa ya manta. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi muni, saboda jijiyoyi sun yi yawa a wurin ko kuma hanyar zuwa ƙwaƙwalwa gajera ce. Yara kuwa gajeru ne, fuskarsu daidai bakin kare take.

Da zarar alamu sun bayyana, wato zazzaɓi, firgita, tsoron ruwa, tsoron iska, kasa haɗiye yawu, to sai dai addu'a, domin kusan babu mai tashi. A wurin aiki, tambayar farko da mukan yi ita ce, "Yaushe kare ya cije shi?" Amsar da ta fi karya min zuciya ita ce uwa ta ce, "Wallahi ban san ya cije shi ba." Sai daga baya wani ƙaninsa ko abokinsa ya ba da labari.

Abin takaicin shi ne maganin riga-kafin ya girmi kakanninmu. Tun a 1885 wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Idan aka yi ta a kan lokaci, tana tare cutar tun kafin ta kai ƙwaƙwalwa.

Kada kuma ƙanƙantar kwikwiyo ta ruɗe ki. Shi ma yana iya ɗauke da cutar, haƙoransa kuwa kamar allura suke. Haka nan ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Akwai wanda kan yi laƙwas, baki a sake, yawu na zuba, har mutane su ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa su zura hannu su ciro. Kada kowa a gidanki ya yi haka.

Da farko, ki duba yaronki

Kafin a yi maganar inda za a kai kwikwiyon, ki kwantar da murya ki tambayi yaron: ya cije ka? Ya yaƙushe ka? Ya lashe ka a ina? Ki cire masa riga ki duba hannu da ƙirji da ƙafa da idonki. Ki tambayi su wa kuma suka taɓa shi, don ki sanar da iyayensu.

Idan akwai ko da ɗan ƙarzane ne, ga abin yi:

1. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15. Ki duba agogon wayarki, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. In babu famfo, wani ya riƙa zuba ruwa da buta kina wankewa. Wannan wankin yana rage ƙwayar cutar sosai.

2. Ki shafa aidin ko sifirit idan akwai. Ban da barkono, ban da toka, ban da man birki, ban da ƙona gashin karen a barbaɗa. Babu ɗayansu da ke kashe ƙwayar cutar.

3. Kada a ɗaure ciwon tamau, kada kuma a yarda wani mai kemis ya ɗinke shi nan take.

4. A tafi asibiti a ranar. Mu na Giginyu ga asibitin ƙwararru na Muhammadu Buhari a kusa, ga asibitin Nassarawa, ga na Murtala, ga na Malam Aminu Kano. Ki je wanda ya fi kusa, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru. Idan ba a sami allurar a inda kika fara zuwa ba, ki tambayi inda za a same ta a ranar.

5. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Akan yi ta ranar farko, da kwana na 3, da na 7, sannan a ƙara bisa tsarin da likita ya zaɓa. Idan cizon ya huda fata, likita kan ƙara wata ta musamman da ake yi a gefen ciwon, da ta sandarewar haɓa. A cika duka, kada a tsaya don ciwo ya bushe.

Mai ciki da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu. Idan kuma sai bayan makonni kika ji labarin cizon, har yanzu ki kai shi, kada ki ce lokaci ya wuce. Allurar a cikin sanyi ake ajiye ta, don haka ki guji sayenta a shagon da ba shi da firji mai aiki.

Karen da ya yi cizon kuma, in zai yiwu ba tare da wani ya shiga haɗari ba, a killace shi kwana 10 ana lura. Idan ya cika kwanakin lafiya ƙalau, alama ce ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a zaman jiran kwana goman kafin a fara allura, farawa ake yi ana lura.

Riƙo: abin da muka riga muka sani

To, yaro lafiya, kwikwiyo na tsakar gida yana kuka. Yaya za a yi da shi?

A wasu ƙasashe akwai gidaje na musamman da ke karɓar irin waɗannan dabbobi. Na Battersea da ke Landan tun 1860 yake aiki. Irin waɗannan gidaje suna da 'yan sa-kai da kan ɗauki kare su ajiye a gidajensu na ɗan lokaci, ya murmure, a fahimci halinsa, kafin a samo masa gidan zama na dindindin. Da na karanta tsarin sai na ga ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ne muka san riƙo. Mu ne kuma muke ba 'yar'uwa a ƙauye akuya kiwo, da sharaɗi, muna leƙawa lokaci zuwa lokaci. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa wannan halitta ita ma ta cancanci a riƙe ta mako biyu ko uku kafin a san inda za ta.

Riƙon yana da ƙa'ida, kuma babba ne zai ɗauki nauyi, ba yaro ba. Ki fara da shawara da mai gida. In ku 'yan haya ne, a sanar da mai gidan hayar da maƙwabta. Idan gidan ba zai yiwu ba, a nemi wani a layi mai fili, ko mai gadin wani gida da zai yarda a riƙa kai masa abincin.

Ki duba shekarun kwikwiyon. Idonsu kan buɗe ne a kwana 10 zuwa 14. Idan yara sun ɗauko shi daga kango ido a rufe, akwai yiwuwar uwar tana kusa ta fita neman abinci. Mafi alheri babba ya mayar da shi wurin 'yan'uwansa cikin hikima, a ajiye ruwa daga nesa, a hana yara zuwa wurin, domin karya mai jego ba ta da wasa. Kwikwiyo yana buƙatar uwarsa har mako 8.

Idan kuwa zubar da su aka yi, a ware masa wuri a waje: inuwa, tsohon buhu ko kwali, da mazubin ruwa da na abinci nasa na kansa waɗanda ba za su koma kicin ba. A zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu, wanda kan haura digiri 40, karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa a yini ɗaya.

A kai shi wurin likitan dabbobi a kwana ɗaya ko biyun farko. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale da Kundila, ga kuma likitoci masu zaman kansu a cikin gari. Likita zai duba shi, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya raba shi da kaska da ƙuma, ya faɗi ranar allurar haukan kare. Yawanci akan fara ta a wata 3, a maimaita duk shekara. Allurar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin ta. A karɓi katin shaida a adana.

Har sai likita ya ba da izini, yara su kalla daga nesa. Za ki iya ba yaron da ya tsinto shi aikin cika mazubin ruwa a gabanki, don ya ji ba a ƙwace masa tausayinsa ba. Bayan kowane aiki a wanke hannu da sabulu. A kwashe kashin kullum, saboda ƙwan tsutsar da ke ciki kan zauna a ƙasa, mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo ko shinkafa da ɗan romo, kan kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, ragowar nama, duk suna yi. Amma a guji miyar da ta ji albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kare. A guji cakulan, da dafaffen ƙashin kaza da kan tsage ya huda hanji. Kada a ba shi farasitamol ko wani maganin mutane sai likita ya ce.

To, addini fa?

Na san wannan ce tambayar da ke zuciyar da yawanmu. Fatawa ta malamai ce, kuma ina ba kowa shawara ta tambayi malaminta. Abin da muka taso muna ji a Islamiyya dai shi ne, an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata, kuma ajiye shi haka kawai ba dalili yana rage lada. A mazhabar Imam Malik, wadda yawancinmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, duk da umarnin wanke mazubin da ya sa baki sau bakwai. Ana ma ruwaito cewa marubucin Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi.

Dukkanmu kuma mun san labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Babu mai cewa ki shigar da kare ɗaki ko ya hau dardumar sallah. Tsakanin kwana da shi a ɗaki da barin yara su jefe shi har ya mutu akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan riƙo yake. Yaron da ya saba jin daɗin kukan dabbar da yake jifa, ki sa masa ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nema masa gida

Tun ranar farko ki sa wa riƙon wa'adi, misali mako uku, ki fara cigiya. Masu buƙatar kare na gaskiya suna nan: masu gidan gona da lambu a bayan gari, masu kiwon tumaki da kaji da ɓarayi suka dama, makiyaya, mafarauta, da gidaje masu fili da ke neman mai gadi. Ki sa mai gida ya yi magana a majalisa, ki sanar a zauren WhatsApp na unguwa, ki gaya wa likitan dabbobin, domin su ne masu neman kare ke tambaya. Karen gida na Hausa ya fi na ƙasar waje mai yawan gashi jure zafinmu, ya kuma fi shi sauƙin ciyarwa, don haka kada ki ji kamar kaya maras daraja kike tallatawa.

Kamar yadda ba a ba da riƙon yaro ga wanda ba a sani ba, shi ma a yi tambaya:

Don me kake son sa, kuma a ina zai zauna?
Wane babba ne zai kula da shi? Idan yaro ne ya zo nema, sai an ji daga bakin mahaifinsa.
Gidanka ne ko haya, kuma mutanen gidan sun yarda?
Za ka iya kai shi allura duk shekara?
Idan ka tashi ko ka gaza, za ka dawo mana da shi maimakon ka sake shi?

Ki yi hattara da wanda ya zo da kuɗi a hannu yana cewa a ba shi duka, bai tambayi komai a kansu ba. Akwai masu fataucin karnuka da ke tarawa daga garuruwan Arewa suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a jihar Filato da wasu a kudu. Idan gida kike nema masa, ba wannan ce hanyar ba. Haka nan samarin da ke haɗa karnuka faɗa don nishaɗi.

Ranar miƙawa a haɗa da katin allura, a faɗi gaskiyar halinsa. In ya taɓa cizo, a faɗa. Bayan mako biyu mai gida ko wani babba ya leƙa ya gani. Kuma a yi wa sabon mai shi maganar dandaƙa in namiji ne, ko aikin hana ɗaukar ciki in mace ce. Likitan dabbobi yana yi, kuma shi ke hana a sake ganin wani kwalin a bakin bola baɗi.

Ga masu kare a gida

Hajiya, idan kina cikin masu karen gadi, ki sani amana ce. Ki duba katinsa yau, yaushe rabonsa da allura? Kuɗin allurar kare na shekara bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum ɗaya da ya ciza ba, balle rai. Idan tafiya ta taso, a fara nema masa gida tun wata guda kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a sa direba ya kai shi hanyar Haɗeja ya sauke. Karen da ya saba da a ba shi ba ya iya neman na kansa, yunwa da tsoro kuwa su ke sa cizo. Wanda ya tsufa ƙwarai, ko ciwonsa ba ya jin magani, ko ya zama haɗari ga mutane, a kai wa likitan dabbobi ya yanke shawara, yana da hanyar da ba azaba a ciki.

Wasu kan ce a huta, a zuba guba a bola kowa ya samu lafiya. Gubar ba ta tantancewa. Kajin maƙwabta da kyanwa da akuya duk suna ci, ga yara masu tsince-tsince. Sannan muddin bolar na nan da ragowar abinci, wasu karnukan za su zo su maye gurbi, kuma sababbin ba wanda ya san tarihinsu. Abin da masana suka tabbatar shi ne, idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura aka kuma dage a kai, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. A kan wannan ne hukumomin lafiya na duniya suka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon mahaukacin kare zuwa 2030.

Wannan aiki ne da unguwa za ta iya. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Me zai hana ƙungiyar matan layinku ta sa a yi wa mai unguwa magana, a gayyato ma'aikatan lafiyar dabbobi, a sa rana ɗaya kowa ya fito da nasa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da za ki koya wa yara yau

Ki tara su bayan sallar isha'i ki gaya musu:

Ba a taɓa karen da ba a sani ba, ko da ƙarami ne. In an ga kwikwiyo a yashe, a zo a kira babba.
Ba a jifan kare, ba a jan jelarsa, ba a matsa masa yana cin abinci ko barci ko shayarwa.
Idan kare ya nufo ka, kada ka gudu, kada ka yi ihu. Ka tsaya cak kamar itace, hannu a jiki, kada ka zura masa ido. In ka faɗi, ka dunƙule ka rufe fuska da wuya.
In ka ga kare yana tangaɗi ko yawu na zuba, ka yi nesa ka faɗa wa manya.

Na ƙarshe ya fi duka, kuma ke ce za ki ɗauki alkawarin. Ki dubi idonsu ki ce, "Duk ranar da kare ya cije ka ko ya yaƙushe ka, ko a ina ka je, ko na hana ka zuwa wurin, ka zo ka gaya min nan take. Ba zan dake ka ba." Sannan ki cika alkawarin, ki kuma roƙi babansu ya cika. Faɗa yana iya jiran gobe, wankin ciwo da allura ba sa jira.

Ina son jin ta bakinku a ƙasa. Yaya kuke yi da karnukan da ke yawo a unguwarku? Akwai wadda ta taɓa riƙe kwikwiyo har ta samo masa gida? Ki ba mu labari, wata za ta ƙaru. Masu tambaya kan allura su rubuto, zan amsa daidai gwargwado, amma wadda aka ciji ɗanta kada ta jira amsata, ta wanke ta nufi asibiti.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa tausayi a zukatanmu da nasu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.